Idan faifai ya ƙi karantuwa

A gidaje da yawa akwai wata jaka ko kwali a ƙarƙashin gado, maƙare da fayafayan CD da DVD. Bidiyon bikin iyaye yana ciki, da na suna, da walimar saukar Alƙur'ani, da tafsirin wani malami da aka ɗauka shekaru ashirin da suka wuce, da hotunan kakan da ya rasu. Na'urar kunna su ta daɗe da mutuwa, sababbin laftof kuma yawancinsu ba sa zuwa da wurin saka faifai. Ranar da aka tuna da jakar, wanda ake kira shi ne matashin gidan da aka sani da taɓa kwamfuta, namiji ko mace. Sai uwa ta ce, "Don Allah juye mana waɗannan kafin su lalace."

Ya aro na'urar karanta faifai ta USB, ya buɗe manhaja, ya fara ɗaukar cikakken kwafi, wato fayil guda da ke ɗauke da faifan dungurungum, irin wanda sunansa ke ƙarewa da ISO. Aiki na tafiya daidai, sai ya tsaya cak. Windows ta fito da saƙo mai ambaton CRC, ko kuwa Linux ta ce "Input/output error". A nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Wani ya yi ta danna maimaitawa har na'urar ta ɗauki zafi, wani ya zaro faifan ya goge a gefen riga, wani ya ɗauko man goge baki domin ya gani a wani bidiyo. Nasihar da ya kamata matashi ya riƙe a wannan gaɓar ita ce ya ɗaga hannu tukuna, ya gano ta ina matsalar ta fito, ya kwashe duk abin da ke karantuwa cikin sauƙi, sannan daga baya ya koma kan abin da ya ƙi.

Saƙon kansa ba ya nufin komai ya tafi. An yanka bayanan da ke kan faifai gurbi-gurbi, kowane gurbi na CD ɗin bayanai yana ɗauke da bayit 2048, kuma faifai mai minti 80, wato mai megabayit 700, yana da gurabe 360,000. Tare da kowane gurbi an rubuta wata lambar tantancewa. Idan na'ura ta karanta gurbi, ta yi lissafi, amsar ba ta dace da lambar ba, kuma ta kasa gyarawa, sai ta kai ƙara. Manhajar kwafi ta yau da kullum tana jin haka take ajiye aiki. Gurbi ɗaya tak cikin dubu ɗari uku da sittin ya isa ya tsayar da komai, alhali sauran duk lafiyarsu ƙalau.

Kafin ma a zargi faifan, akwai tambayar da matasa suka fi tsallakewa: wane irin faifai ne wannan? Tambayar tana da nauyi a ƙasar Hausa fiye da wurare da yawa, saboda dogon zamanin da VCD ya yi yana cin kasuwa bayan kaset ɗin bidiyo. Fina-finan Hausa da aka riƙa sarowa daga Ƙofar Wambai a Kano, da wa'azozi, da bidiyon bukukuwa, da yawansu a VCD suka fito. Kamfanonin Philips, Sony, Matsushita da JVC ne suka tsara shi a 1993, kuma sun yi wata dabara don bidiyo ya samu wuri. Kowane gurbi na CD a zahiri bayit 2352 ne. A faifan bayanai ana ware 276 daga ciki don gyaran kuskure. A VCD an sadaukar da waɗannan 276 ɗin, aka mayar da gurbin bidiyo mai ɗaukar bayit 2324, bisa tunanin cewa ɗan kuskure a hoto mai motsi ido ba zai damu da shi ba. Tsarin ISO kuwa gurabe masu 2048 kawai ya sani, kuma layi ɗaya yake ɗauka, shi kuwa VCD layinsa na farko na sunayen fayiloli ne, bidiyon yana layukan da ke biye. Don haka wanda ya nemi juye VCD zuwa ISO zai iya cin karo da kuskuren karatu ko da faifan sabo ne fil, ko kuma ya samu ɗan ƙaramin fayil da babu bidiyo a cikinsa. Alamar gane shi ba ta da wuya: a buɗe faifan, idan an ga folda mai suna MPEGAV da fayil irin AVSEQ01.DAT, VCD ne. Kwafin da ya dace da shi shi ne mai fayil biyu, BIN da CUE. Manhajar ImgBurn tana yin sa a Windows, cdrdao tana yin makamancinsa a Linux, IsoBuster kuma tana iya zaro bidiyon kaɗai.

Faifan sauti, irin na karatun Alƙur'ani da ake sakawa a mota, shi ma ba ya zama ISO, domin babu fayiloli a kansa sam. Abin da Windows ke nunawa da sunan CDA ɗan nuni ne mai bayit 44, babu sauti a cikinsa. Mutane da dama sun kwafe waɗannan sun ɗauka sun gama. Exact Audio Copy ko cdparanoia su ne kayan aikin wannan.

Akwai kuma faifan da mai ɗaukar bidiyo ya buga da na'urar naɗar DVD ko kyamara mai ƙaramin faifai, ya manta bai rufe shi ba. Kwamfuta takan nuna shi kamar babu komai, ko ta nemi a share shi. Kada a amsa mata. Bidiyon yana nan, teburin abin da ke ciki ne ba a rubuta ba, kuma IsoBuster takan lalubo shi. Sannan idan kuskuren ya zo a ƙarshen ƙarshe na CD, gurbi biyu kacal, sau da yawa ba lalacewa ba ce: faifan da aka buga layi-layi yakan bar gurabe biyu a wutsiya da ba sa karantuwa tun asali. Fina-finan kamfanonin waje kuwa, wasunsu da gangan aka dasa musu gurabe marasa kyau don hana kwafi, kamar tsarin ARccOS na Sony. Wannan ba ajiyar gida ba ce, hakkin wani ne, kuma duk wanda ya san irin asarar da satar fasaha ta jawo wa masu shirya fina-finan Hausa ya san dalilin barin sa.

Wani lokaci laifin yana wurin da ake zuba kwafin. Filashi da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4. DVD cikakke ya fi haka, mai hawa biyu kuma ya kai 8.5. Aiki zai yi nisa, ya kusa ƙarewa, ya faɗi, matashi ya yi ta zargin faifan da bai san hawa ba bai san sauka ba. A zuba a rumbun kwamfuta mai NTFS, ko filashi mai exFAT.

Sai na'urar karatun. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma idon na'ura ba ya son ta. Leza tana tsufa, ƙarfinta ya ragu. Hasken da ke karanta CD dabam yake da na DVD, na farko nanomita 780, na biyu 650, shi ya sa na'ura za ta iya karanta CD sumul ta kasa DVD. Ƙananan na'urori na USB kuma suna fama da ƙarancin wuta, domin ramin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa, abin da ya sa wasu ke zuwa da waya mai kai biyu. A soka kawunan duka biyu, a jona laftof da caja, a guji soka ta ta cikin na'urar rarraba ramuka. Gwajin da ke raba gardama shi ne a saka wani faifai da aka san lafiyarsa ƙalau, sannan a kai faifan da ya ƙi wata na'ura dabam. Na'urori sun bambanta ƙwarai wajen haƙuri da faifai mai rauni, kuma tsohuwar babbar na'ura ta kwamfutar tebur, irin wadda ke jibge a shagunan gyara, takan karanta abin da siririya sabuwa ta kasa. A kuma rage gudu. A mafi girman gudunsa CD yana juyawa wajen sau dubu goma a minti, kuma faifai mai tsaga a tsakiya yana iya tarwatsewa a cikin na'ura. A ImgBurn ana iya mayar da gudun karatu zuwa 4x, kuma wannan kaɗai yakan warware kurakurai masu yawa.

Idan an kawar da waɗannan duka, to faifan ne, kuma sanin yadda aka gina shi ne zai hana a ƙara masa ciwo. Bayanan suna jere a kan layi guda mai naɗewa, tsawonsa a CD ya haura kilomita 5, yana farawa daga tsakiya ya ƙare a baki. Shi ya sa kuskuren da ya zo kusa da ƙarshen aiki yake nuna a duba bakin faifai, inda yatsu suka fi taɓawa. Injiniyoyin Philips da Sony, da suka fito da CD a 1982, sun san za a karce shi. Sai suka yi amfani da lissafin da Irving Reed da Gustave Solomon suka wallafa a 1960, suka kuma warwatsa bayanan yadda ɓarna a wuri ɗaya ba za ta cinye abu ɗaya gaba ɗaya ba. Tsarin yana iya cike giɓin da ya kai kusan milimita 2 da rabi a tsawon layin. Karcen da ya tashi daga tsakiya zuwa baki yana tsallaka layin ne, kowane zagaye ɗan kaɗan ya taɓa, lissafi ya gyara. Karcen da ya bi zagaye kuwa yana kwanciya a kan layin ya shafe dogon yanki. Wanda ya goge faifai yana murza shi zagaye-zagaye a riga mai ƙura, da hannunsa yake yin irin karcen da ya fi kowanne muni.

Gogewar kirki ita ce a fara hure ƙura, a wanke da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa idan akwai maiƙo, a tsane da ƙyalle mai laushi irin na tabarau, daga tsakiya zuwa baki, a bar shi ya bushe sarai. Fetur, kananzir da ruwan goge farce suna cin robar faifai. Man goge baki kankare roba yake yi, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Idan har za a gwada sulɓe karce, sai bayan an kwashe duk abin da ke kwasuwa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a CD bayan faifai, wato ɓangaren da ake rubutu, ya fi fuskarsa haɗari. Kaurin faifan milimita 1.2 ne, kusan dukkansa roba ce da haske ke ratsawa, bayanan kuma suna can sama, siririn shafi kawai ya raba su da iska. Rubutu da biro mai tsini ko ɓamɓare takardar da aka liƙa yana iya tafiya da bayanan. A ɗaga faifan a haske: inda aka ga haske na ratsowa ta ƙananan huji, wurin ya tafi har abada. DVD ya fi samun kariya, domin bayanansa suna tsakanin roba biyu masu kaurin milimita 0.6 kowace, sai dai shi kuma manne ɓarin biyu yakan saki idan ana lanƙwasa shi wajen ciro shi daga gidansa.

Fayafayan gida, waɗanda aka buga a kwamfuta, sun fi na kamfani rauni, saboda a kan rini aka rubuta su, rini kuwa zafi da hasken rana da danshi suna kashe shi a hankali. Ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder, inda zafi ke haura digiri 40, ba wurin ajiyarsu ba ne. Na kamfani ma ba su tsira ba. Wata masana'anta mai suna PDO a garin Blackburn na Ingila ta buga fayafayai tsakanin 1988 da 1993 da shafin da bai iya tare sinadarin sulfa da ke cikin takardun kwalinsu ba, suka riƙa rinewa zuwa launin tagulla daga baki, suna daina karantuwa. Faifan da ya fara irin wannan tafiya ba ya jiran kowa, don haka shi ake fara juyewa.

A nan ne ya kamata kowane matashi mai son wannan aiki ya san GNU ddrescue, manhajar kyauta da Antonio Diaz Diaz ya fara fitarwa a 2004. Tana aiki ne kamar manomin da ya shanya hatsi ya ga hadari ya taso: buhu yake fara cikawa da tarin da ke gabansa, tsintar ƙwayoyin da suka watse a ƙasa sai daga baya. Idan ta ci karo da gurbi mara kyau ba ta tsayawa jayayya da shi, tsallakewa take yi ta kwashe mai kyau, tana rubuta taswirar inda ta samu da inda ta rasa a wani ɗan fayil. Wannan taswira ita ce darajarta. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, daga inda ta tsaya za ta ci gaba. Idan aka koma wata na'ura, guraben da suka rage kawai za ta nema.

A Linux take aiki, amma ba sai an cire Windows ba, ana iya ɗora SystemRescue, wanda ke ɗauke da ita, a filashi a tayar da kwamfuta da shi. Zagayen farko shi ne ddrescue -n -b 2048 /dev/sr0 biki.iso biki.map, wanda ke kwashe mai sauƙi. Na biyu shi ne ddrescue -d -r3 -b 2048 /dev/sr0 biki.iso biki.map, wanda ke komawa kan wuraren da suka ƙi har sau uku. A lura, wannan na DVD ne da CD ɗin bayanai, ba na VCD ko faifan sauti ba, saboda dalilin da ya gabata.

Akwai wata fa'ida da ta dace da al'adar biki sosai. Mai bidiyo yakan buga kwafi da yawa, ɗaya gidan ango, ɗaya gidan iyayen amarya, ɗaya wajen gwaggo. Da wuya a ce duka sun karce a wuri ɗaya. Idan daga asali guda aka buga su, iri ɗaya sak, ana iya saka su ɗaya bayan ɗaya da taswira guda, kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa har a samu cikakke. Kafin a kwana ana fama da faifai ɗaya, a buga waya a tambayi dangi.

Idan bayan duk wannan gurabe kaɗan sun ƙi, a duba me ke cikinsu. A bidiyo, asarar 'yan gurabe ɗan tsalle ne na ƙiftawar ido, manhajar kallon bidiyo ta VLC za ta wuce shi. A fayil ɗin ZIP ko manhaja kuwa, gurbi ɗaya yana iya lalata abu duka. ImgBurn tana da zaɓin yin watsi da kurakuran karatu, wanda ke ba ta damar kammala aiki, amma wanda ya kunna shi ya sani kwafinsa mai giɓi ne, kuma ya rubuta haka a sunan fayil ɗin don kada wani ya ɗauka cikakke ne.

Lamarin ya fi tsanani idan abin da ake ɗaukar kwafinsa rumbun kwamfuta ne, domin faifai bai cika lalacewa saboda karatu ba, shi kuwa rumbu mai ciwo kowace awa da ya yi yana juyawa tana rage masa kwana. A fara duba rahoton lafiyarsa na SMART da CrystalDiskInfo ko smartctl. Lambobi uku ne abin kallo: 5, guraben da ya riga ya sauya, 197, waɗanda ke jiran hukunci, 198, waɗanda suka gagara. Idan suna ƙaruwa, kada a ce za a gyara shi da chkdsk tukuna, domin wannan umarni yana wahalar da rumbun, yana kuma yin rubutu a kansa. A ɗauki kwafi da ddrescue zuwa wani rumbu mai girma daidai ko fiye, a tabbatar sau biyu wane ne tushe wane ne mazubi, don juya su yana shafe komai. Duk wani gyara da TestDisk ko PhotoRec a kan kwafin ake yin sa. Idan kuwa rumbun yana ƙara ƙas-ƙas, a kashe shi nan take. Ba a saka shi a firij, ba a buɗe shi a ɗaki, domin tazarar da ke tsakanin allurarsa da farantinsa ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Wannan aikin ƙwararru ne, kuma faɗa wa babba "Baba, wannan ya fi ƙarfina" ya fi a mayar masa da gawar rumbu.

Wani kuskuren kuma babu ciwo a ko'ina. Mai haɗa ISO daga foldojin kwamfuta yakan ga an ce fayil kaza bai karantu ba don wata manhaja tana riƙe da shi, ko ba shi da izinin buɗe shi, ko hanyar sunansa ta haura haruffa 260 da tsofaffin manhajojin Windows ke iya bi, ko kuma fayil ɗin yana OneDrive, sunansa kawai ke kan kwamfutar. A rufe manhajoji, a gajarta sunaye, a sauko da fayilolin. Masu sa ƙ, ɗ da ɓ a sunan fayil su zaɓi tsarin Joliet ko UDF, domin tsohon tsarin ISO 9660 na 1988 bai san waɗannan haruffa ba.

Kammala kwafi ba shi ne kammala aiki ba. A 1998, ana tsakiyar shirya fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, wani umarni ya goge mafi yawan fayilolin fim ɗin. Da aka koma kan ajiyar da aka dogara da ita, sai aka tarar ta daɗe ba ta yin daidai, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne kwafin da wata ma'aikaciya, Galyn Susman, take da shi a kwamfutar gida saboda tana aiki daga can bayan ta haihu. Kamfani ne mai ƙwararru da kuɗi, amma ba a gwada ajiyar ba sai ranar buƙata. Don haka matashi ya buɗe kwafin da ya ɗauka, ya kalli farkon bidiyon da tsakiyarsa da ƙarshensa. Ya fitar da lambar SHA-256 ta fayil ɗin ya ajiye kusa da shi, domin duk ranar da aka sake juye shi a iya gane ko wani abu ya canza. Ya ajiye kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya a wani gida dabam. Filashi kaɗai ba ma'aji ba ne.

Akwai kuma amanar abin da ke ciki. Bidiyon kamu da na wuni taron mata ne, an ɗauke shi don 'yan gida. Wanda aka ba shi ya juye ba a ba shi izinin tura wa abokai ko ɗora wani yanki a TikTok ba, kuma idan a shago aka yi aikin, ya tsaya a goge abin da ya rage a kwamfutarsu a gabansa. Asalin faifan kuma ba a jefar da shi, ko da ya ƙi karantuwa yau. A mayar da shi gidansa, a jingine shi a tsaye a wuri mai sanyi da duhu, a rubuta a jikin kwalin ranar da aka juye shi da adadin guraben da suka rage, a kuma ajiye fayil ɗin taswira tare da kwafin, domin ranar da aka samu wata na'ura ko kwafin gidan gwaggo a ci gaba daga nan.